Tambaya da Amsa: Amya ɗaya ta isa a fara kiwon zuma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne a Unguwar Rogo, nan cikin Jos. Albashi ba ya kai ni ƙarshen wata, shi ya sa nake son in gwada kiwon zuma. Abin da na tara bai wuce kuɗin amya ɗaya da 'yan kayan aiki ba. Muna da ɗan fili a bayan gida, akwai kuma gonar mahaifinmu a wajen Babale. Wace irin amya zan saya, a ina ake sayar da ƙudan, kuma yaushe zan fara ganin kuɗi? Wani abokina ya ce wata uku ya isa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi jagora. Tun kafin mu je ga maganar amya, ka soke bayan gidan nan daga lissafinka. Ƙudan zumar da muke da shi a nan, wanda masana ke kira Apis mellifera adansonii, ba irin wanda kake gani a waya ba ne, inda Bature zai buɗe akwati daga shi sai singileti, 'ya'yansa na wasa a gefe. Namu ba ya ɗaukar raini. In aka taɓa shi yakan fito da yawa, ya bi mutum nesa, ya kuma wuni bai huce ba. Kai ka fi ni sanin Unguwar Rogo: katanga na jingine da katanga, ga 'yan makarantar allo, ga tsohuwar da ba ta iya gudu, ga rago a turke. Dabbar da ke ɗaure ita ke fara mutuwa, don ba ta da inda za ta. Wata rana yaron maƙwabta zai jefi akwatin da dutse don ya ga abin da zai faru, sauran bayani kuma sai a gaban mai unguwa, in ma abin ya tsaya a nan.

Gonar Babale ita ce wurin. Ka je ka zagaya ta da ƙafa, ka nemi lungun da ya yi nisan aƙalla mita 100 da gida, da hanyar da mutane ke bi, da burtalin shanu. Ka sami inuwa, gindin ɗorawa ko mangwaro, inda ruwa ba ya kwanciya da damina. Ka lura da inda iskar hunturu ke bugowa, wato arewa maso gabas, ka juya mata bayan amyar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garinmu. Jos tana bisa tudu sama da mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuwa ba sai an ba ka labari ba. A cikin amya, inda 'ya'ya suke, dole ƙudan su riƙe ɗumi wajen digiri 35 dare da rana, kuma da zumar da suka tara suke biyan kuɗin wannan ɗumin. Duk iskar da ta shiga ta ƙofa, daga bokitinka ta ɗiba.

Sannan ka ɗaga kai ka dubi itatuwan yankin, ba na gonarku kaɗai ba, don ƙudan zuma yakan yi tafiyar kilomita 3 neman fure. Ɗorawa, kaɗanya, mangwaro, yazawa, malmo a bakin rafi, da itacen turaren nan da aka dasa a tsofaffin filayen haƙar kuza, duk abincinsa ne. Abin da za ka ji wa tsoro shi ne lambu. In akwai masu noman tumatir da kabeji kusa, ka je ka gaishe su tun yanzu, ka roƙe su su riƙa feshin magani da yamma liƙis, lokacin da ƙudan suka koma gida. Feshin hantsi a kan fure yana iya kwantar maka da rabin amya a wuni ɗaya. Haka Fulanin da ke kiwo ta wajen, da maƙwabtan gona, kowa ya san ka ajiye zuma a wuri kaza. Ka kuma tanadi ruwa na rani: tsohuwar tasa da tsakuwa a ciki, ko 'yan karare su yi iyo a sama, don su sami wurin sauka kada su nutse. In ba ka ba su ba, za su nemo da kansu a randar wani.

To, amya. Iri uku ne a gabanka.

Akwai tamu ta gado, wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe da kashin shanu, a turara ta, a ɗora a kan reshe. Ba na raina ta. Ba ta da tsada, kuma ƙuda na shigarta da wuri. Matsalarta ba ka ganin abin da ke ciki sai ranar ɗiba, ranar ɗibar kuma da dare ake zuwa da wutar kara, a babbake ƙudan, a kwashe zuma da 'ya'ya da ƙwai gaba ɗaya a matse. Ban da asarar da ke ciki, ƙudan zuma na cikin halittu huɗun da hadisi ya hana a kashe.

Akwai akwatin Langstroth, wanda wani limamin coci a Amurka ya yi wa rajista a 1852, mai hawa-hawa da firam a ciki, wato zagayen katakon da ƙudan ke gina saƙa a cikinsa. Shi manyan masu kiwo ke amfani da shi a duniya. Amma yana da tsada, yana son kafinta mai tsananin kiyaye awo, kuma amfaninsa ba ya cika sai da injin tatsar zuma. Mai amya ɗaya ba shi da abin da zai yi da inji.

Wanda nake ba ka shawara shi ne na tsakiya, akwatin Kenya mai sanduna, wanda aka fito da shi a farkon shekarun 1970 don ƙudan Afirka. Siffarsa kamar komin shayar da dabbobi, sama da faɗi, ƙasa a tsuke, tsawonsa wajen mita ɗaya. A bakinsa ake jera sanduna kusan 30, kafaɗa da kafaɗa, su rufe shi ruf. Kowace sanda ƙudan za su rataya saƙa ɗaya a ƙarƙashinta. Ka ga ke nan kana iya ɗaga sanda ɗaya ka duba, ka mayar, ka yanki mai zuma ka bar mai 'ya'ya.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Faɗin kowace sanda santimita 3.2 ne. Ba 3 ba, ba 3 da rabi ba. Wannan shi ne tazarar da ƙudanmu ke bari daga tsakiyar saƙa zuwa tsakiyar ta kusa da ita, ko a kogon itace ne ko a ramin dutse, kuma ba za su sauya don kafintanka ba. In sandar ta yi faɗi ko ta yi siriri, saƙar farko za ta zauna daidai, ta biyu ta ɗan goce, kafin a kai ta shida sun gina ta a karkace ta haɗe sanduna uku. Ranar da ka zo ɗagawa sai ta ɓalle, zuma ta malale a ciki, ƙudan su tashi. Daga nan akwatinka ya zama amyar gargajiya mai tsada. Idan ka je Kasuwar Katako, kafinta zai ce maka, "Haba Malam, ai ɗan bambancin ba shi da yawa." Kada ka biye masa. Ka sa mai walda ya yanko maka ɗan ƙarfe mai tsaga daidai 3.2, ka zauna a kan benci ka zura sandunan ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ƙi shiga a ƙara goge ta, wadda ta yi lako-lako a ajiye ta gefe. Katakon ya zama busasshe, mara wari. Kada a shafa fenti a ciki, kada a kusanto da maganin gara ko'ina a jikinsa. Murfi a yi shi da kwano, ka ɗora ciyawa a sama saboda rana. A tsakiyar kowace sanda, ta ƙasa, a ja layi a tsaga shi kaɗan, ka narka kakin zuma ka zuba a tsagar. Wannan layin za su bi su fara gini.

Ka ɗora akwatin a kan ƙafafu, tsayin ƙugunka, kuma ya zauna daram ba tare da ya karkata ba, don ƙudan suna sakin saƙarsu ne tsaye zuwa ƙasa, ba ruwansu da yadda akwatin ya kwanta. Kowace ƙafa ka tsoma ta cikin gwangwani mai baƙin mai saboda tururuwa da kwarkwasa. Ka nome ciyawar da ke kewaye, kada ko ɗaya ta taɓa jikinsa ta zama musu gada, kuma kafin a fara cinna wa daji wuta da kaka ka share fili mai faɗi.

Ka tambayi inda ake sayar da ƙudan. A nan ba a cika saye ba, gayyata ake yi. Idan amya ta cika ta batse, tsohuwar sarauniya takan fita da kusan rabin jama'arta su nemi sabon gida, su bar wa wata sabuwa tsohon. Su ne kake gani sun dunƙule a reshe. Kafin su tashi daga nan sukan tura 'yan leƙen asiri su dubo wuri, kuma ƙamshin kaki ne ke jawo su. Saboda haka ka sami kakin zuma na gaske, ka ɗan gasa shi ya yi laushi, ka goge cikin akwatin da bakin ƙofa da shi sosai. Ka murje ɗanyen ganyen lemongiras, wannan da ake sa wa shayi, ka shafa a ciki, don ƙamshinsa ya yi kama da wanda ƙudan ke fitarwa in suna kiran juna gida. Kada ka zuba zuma ko sukari, tururuwa kawai za ka tara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba, har zuwa lokacin da ɗorawa da mangwaro ke fure.

Amya ɗaya ta isa a fara, amma ina jiye maka abu guda: in ta yi wata biyu babu kowa, zuciyarka za ta karaya. Daga ragowar katakon ka sa a haɗa maka ƙaramin akwati mai ɗaukar sanduna biyar ko shida, irin na babban sak, ka shafe shi da kaki ka ɗaure a kan reshe sama da tsayin mutum. Ƙudan sun fi son wuri mai tsayi. In suka shiga suka fara gini, sai ka riƙa sauko da shi kaɗan-kaɗan da dare, ƙasa da mita ɗaya kowane karo, har ya iso gefen babban, ka ɗauke sandunan da saƙarsu ka mayar ciki. In ka ɗauke shi tashi ɗaya zuwa wancan gefen gona, masu fita kiwo za su koma tsohon reshen su yi ta shawagi.

Yanzu wata ukun abokinka. Ko dai bai taɓa kiwo ba, ko kuma yana da akwatin sayarwa. Ayarin da ya shigo maka ba shi da komai sai 'yar zumar da ke cikinsa. Sai ya gina saƙa daga farko, kuma masana sun ƙiyasta cewa kafin ƙuda su fitar da kaki kilo ɗaya sai sun sha zuma kilo 6 zuwa 8. Ƙwan da sarauniya ta saka yau sai ya yi kusan mako uku kafin ya zama ma'aikaciya, ita kuma ma'aikaciyar a lokacin aiki ba ta wuce mako shida a duniya. Duk abin da suka samo a watannin farko a ginin gida da renon 'ya'ya yake tafiya. In sun shiga a Oktoba ko Nuwamba, shekara kuma ta yi kyau, kana iya samun 'yan saƙa a Maris ko Afrilu kafin ruwa ya sauka. In sai Fabrairu suka shiga, ka haƙura sai baɗi. Ko ka samu ma, kada ka kwashe. Ka tuna Yuli da Agustan Jos, yadda ake kwana ana wuni ana ruwa. A wannan lokacin fure ya yi ƙaranci, fita ta yi wuya, abin da ka bar musu shi za su ci. Ƙudanmu kuwa ba ya zaman yunwa: in rumbu ya ƙare sai ya tattara ya yi ƙaura, ka zo ka tarar da akwati wayam.

Wurin da ban yarda ka yi tsimi ba shi ne kayan kariya. Tela na iya ɗinka maka riga da wando a haɗe da farin yadi mai kauri, da hula mai raga. Ragar fuskar ta zama baƙa, ta fi ba da gani. Sai safar hannu, da takalmin roba mai dogon wuya, ka cusa ƙafar wandon a ciki ka ɗaure, don ta ƙasa suke hawowa. Sai gwangwanin hayaƙi mai mafitsara (abin da ake matsawa ya huro iska), wanda masu ƙirar gwangwani ke yi in ka kai musu samfuri. Ka hura shi da totuwar masara, ko kandilo, ko tsohon buhun algarara. Ban da leda da roba da tsumma mai mai. Hayaƙin ya zama fari mai sanyi, wanda in ka busa a bayan hannunka ba za ka ji zafi ba. Ka riƙa buɗewa da yamma, ka tsaya ta baya, ba ta bakin ƙofa ba, kada ka shafa turare ranar, kuma kada ka je kai kaɗai.

In akwai dattijo mai amya a ƙauyen, ka bi shi ɗiba ko sau ɗaya ne, ka riƙe masa bokiti. Maganar albashi kuwa, gaskiya ɗaya ce: amya ɗaya ba za ta cike maka giɓin wata ba. Za ta koya maka aikin, ta ba gidanka zuma, kakin da ka tara kuma ya jawo maka ƙuda a ta biyu da ta uku.

TAMBAYA: Baba, na ajiye akwati a gonata a wajen Vom tun bayan sallar da ta wuce, har yau shiru. Da na buɗe sai na tarar da ƙadangare da yanar gizo-gizo. Wani ya ce sai an yi mini turaren asiri. Direba ne ni, ba kullum nake gari ba.

AMSA: Ɗan'uwa, asirin a hannunka yake, ka riƙe kuɗinka. 'Yan leƙen asirin ƙuda sun zo, sun tarar da mai gida a ciki, sun wuce. Ka fito da sandunan, ka share akwatin tas, ka kunna busasshiyar ciyawa ka ɗan bi cikinsa da harshen wutar don warin ƙadangare da ɓera ya fita, sannan ka sake goga kaki. Ƙamshin kaki yana gushewa, don haka duk bayan mako biyu ko uku a sabunta. Tunda kana kan hanya, ka ɗora wani yaro mai hankali a kan wannan aikin. Ka duba ƙofar: in ƙadangare ya iya shiga, ta yi girma. Ramuka ƙanana da ba su wuce kaurin biro ba sun isa. Ka duba murfin ko yana yoyo, ka sansana katakon ko yana warin fenti ko kananzir. In duk wannan lafiya lau ne kuma lokacin furen ɗorawa ya wuce babu labari, to wurin ne bai yi musu ba, ka sauya masa gindin wata bishiyar. Ga wata dabara ta gane ko akwai ƙuda a yankin: ka leƙa injin niƙan ƙauyen da rani. In ka ga suna birgima a kan garin masara suna cika ƙafafu da shi, to gidajensu ba su da nisa. Garin fure ne ya yi musu ƙaranci suke maye gurbinsa.

TAMBAYA: Ina yi wa Baba fatan alheri. Ɗana ne ya fara kiwo bara, ni nake sayar masa da zumar a gida a Bukuru. Da sanyi ya shigo sai ta daskare a kwalba ta yi tsaki-tsaki, mata suna ta dawo mini da ita wai mun haɗa da sukari. Wallahi ko cokali ba mu sa ba.

AMSA: Hajiya, na yarda da ke ba sai kin rantse ba. Daskarewa ɗabi'ar zuma ce. Akwai wani nau'in sukari na halitta a cikinta, gulukos, wanda yakan fita daga ruwan ya zama ƙanƙara-ƙanƙara in ta daɗe a ajiye, sanyi irin na Bukuru kuma yana gaggauta shi. Wata zumar takan yi haka da wuri, wata ta daɗe, gwargwadon furen da aka ɗebo ta. Ki sa kwalbar a cikin ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, ki bar ta ta narke a hankali a gaban mai sayen. Kada ki ɗora ta a wuta, tafasa na kashe ƙamshinta ya baƙanta ta. Gwajin ashana da na ɗiga ta a ruwa da ake yi a kasuwa ba hujja ba ne, zumar kirki na iya faɗuwa a gwajin, ta jabu ta haye.

Abin da ya kamata ki sa wa ido daban ne. In kika ga tana kumfa, tana tsami, murfi na kumbura, to an ɗebe ta ba ta nuna ba. Ki gaya wa yaron ya riƙa yankar saƙar da ƙudan suka liƙe bakinta da farin kaki kaɗai, don sai ruwan da ke ciki ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 suke rufewa. Kada ya haɗa da saƙar 'ya'ya. A farfasa ta a bokiti mai tsabta, busasshe, a tace da farin ƙyalle a ɗaki a rufe ta kwana tana ɗiga. Tukuɗin da ya rage kada a zubar, a narka shi a ruwan zafi a fitar da kaki, dukawa da masu haɗa man shafawa suna nema. In kina sayarwa da awo, ki sani lita ɗaya ta zuma ta kai wajen kilo 1.4. Ranar da kuka fara liƙa takarda a kwalba kuna kai wa kantuna, sai an bi ta NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Kuma don Allah ki riƙa faɗa wa masu jego cewa likitoci sun hana ba jariri zuma sai ya cika shekara ɗaya, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

TAMBAYA: Malam, ina sha'awar kiwon amma ina tsoron harbi. Da gaske ne jiki na sabawa? Ɗalibi daga Naraguta.

AMSA: Ɗana, zuma da zaƙi da harbi, babu mai kiwon da ya tsira. Yawancin mutane kumburin yakan ragu da shekaru, zafin dai yana nan. In ta harbe ka, ka kankare ƙarin da farce nan take, don muddin yana jikin fata yana ci gaba da tura dafi. Ka busa hayaƙi a wurin, saboda harbin yana barin wani wari mai kama da na ayaba wanda ke kiran sauran su zo daidai nan. Ka ja da baya a hankali, ban da kaɗa hannu. Kumburi da ƙaiƙayi a inda aka harba ba abin damuwa ba ne. Amma in harbi ɗaya ya sa maka borin jini a duk jiki, ko leɓe da harshe suka kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko jiri ya ɗebe ka, wannan ba na jiƙo ba ne, a nufi asibiti da kai a lokacin. Mai irin wannan jikin kada ya kusanci amya sai ya ga likita.

Masu tambaya a kan yadda ake raba amya mai ƙarfi gida biyu, da mai tambaya a kan tsutsar da ke cin saƙa, wasiƙunku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.